Yadda za ka tantance jerin "wuraren da suka fi daɗin zaman ritaya" kafin ka yarda da shi

Duk shekara sai ka ga sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan mujalla ta ce ga ƙasashe 10 da suka fi dacewa da ɗan fansho, wancan kamfani ya ce ga birane 25, a manna hoton bakin teku da wasu dattawa biyu suna murmushi, mutane kuma su yi ta tura wa juna a WhatsApp. Ni ban ce a daina karantawa ba, akwai amfani a ciki. Abin da ke damuna shi ne mutumin da ya yi shekara talatin ko fiye yana aiki yana tara ɗan abin da zai rufa wa kansa asiri a tsufa, ya zo ya ɗora duka a kan lambar da wani ya ba wani gari, alhali bai ma san ta yaya aka samo lambar ba. To ga yadda za ka bi irin wannan jeri ka ciri abin da zai amfane ka, ka bar sauran.

Abu na farko, kafin ma ka duba wa ya zo na ɗaya, ka tambayi kanka wai me wannan jerin yake aunawa ne. Saboda suna iri ɗaya suke sawa amma tambayoyin da suke amsawa daban-daban ne. Mujallar International Living, wadda take rubuta wa galibi Amurkawa da mutanen Kanada, tana neman inda mai karɓar fansho da dala zai koma ya zauna cikin sauƙi, shi ya sa kullum za ka ga Panama da Kosta Rika da Fotugal da Meziko a sama. Fotugal ce ta ɗaya a 2023, Kosta Rika a 2024, Panama a 2025. Shi kuwa kamfanin Natixis na Faransa, mai juya wa mutane kuɗin jari, nasa jerin yana duba ƙasashe 44 ne ya ga wacce ce ɗan ƙasarta yake tsufa cikin kwanciyar hankali, sai ka ga Norway da Suwizalan da Iceland a sama. Akwai kuma na kamfanin Mercer, mai ba da shawara kan fansho, da cibiyar CFA ta masana harkar zuba jari, shi tsarin fansho kaɗai yake aunawa, ko yana isar mutane, ko zai ɗore, ko ana gudanar da shi da amana, a can kuma Holan da Iceland da Denmark ke karakaina a sahun gaba. Ka ga ai wanda ya ga Norway a saman jeri ya ɗauka can ya kamata ya koma ya yi kuskuren karatu, tana cikin ƙasashe mafi tsada a duniya, kuma daɗin da ake magana na wanda ya yi aiki a can ya biya haraji a can ne, ba na baƙon da ya zo da tsufansa ba.

Daga nan sai ka gangara can ƙasan shafin, inda kusan ba wanda ke zuwa, wajen da suka rubuta yadda suka yi lissafi. Yawanci da ƙananan haruffa ne bayan an wuce tallace-tallace. In ka duba sama da ƙasa babu wannan bayanin kwata-kwata, rufe shafin kawai, ra'ayin mutum ɗaya ne aka jera masa lambobi. In kuwa akwai, abin da za ka nema shi ne nauyin da suka ba kowane ɓangare, don a nan duk rikicin yake. Misali Bankrate, wani shafin intanet na Amurka mai kwatanta bankuna, a jerin jihohin Amurka da ta fitar a 2023 da 2024, ta ba arahar rayuwa kashi 40 cikin 100, walwala kashi 25, kiwon lafiya kashi 20, yanayi kashi 10, aikata laifuka kashi 5. Wa ya ce araha ta ninka lafiya sau biyu? Su ne suka zauna suka yanke hakan, kuma ba laifi ba ne, dole sai an zaɓi wani ma'auni, amma zaɓinsu ne ba naka ba. Mai ciwon ƙoda da ake masa wankin jini sau uku a mako ba zai taɓa yarda cewa asibiti kashi 20 ne na rayuwarsa ba.

Bari in nuna maka da lissafi yadda abin yake juyawa, da garuruwa biyu na misali kawai. Gari na farko ya ci maki 9 cikin 10 a araha, 4 a asibiti. Na biyu ya ci 5 a araha, 9 a asibiti. In ka ba araha kashi 70 asibiti kashi 30, na farko zai tashi da 7.5, na biyu 6.2. Juya nauyin, araha 30 asibiti 70, sai na farko ya faɗo 5.5 na biyu ya haye 7.8. Garuruwan ba su canza ba, ko bulo ɗaya ba a ƙara ba, wanda ke riƙe da biro ne ya canza ra'ayi.

Kuma wannan ba a takarda kaɗai yake faruwa ba. A jerin Bankrate ɗin nan Fulorida ce ta ɗaya a 2022, Iowa a 2023, Delaware a 2024, New Hampshire a 2025. A ita 2025 ɗin WalletHub, wani shafin makamancin Bankrate, ta sa Fulorida a matsayi na ɗaya, Bankrate kuma ta jefa ta can na 41 cikin jihohi 50. Jiha ɗaya, shekara ɗaya. Haka mujallar U.S. News, mai jera biranen Amurka, garin Harrisburg na jihar Pennsylvania mai sanyi da dusar ƙanƙara shi ne na ɗaya a jerinta na 2024, shekara na zagayowa sai ga Naples ta Fulorida a sama. Don haka dabara mai sauƙi ita ce kada ka tsaya a jeri ɗaya kuma kada ka tsaya a shekara ɗaya, nemo uku ko huɗu daga mabambantan kamfanoni, ka duba na shekaru biyar baya, wurin da yake ta maimaita kansa a sahun gaba duk da sauyin ma'auni shi ne ya cancanci ka ɓata lokaci a kansa. Wanda kuwa ya yi tsalle daga na 30 zuwa na 2 cikin shekara guda, kusan kullum lissafin ne aka sauya. Sannan ka duba ainihin makin ba matsayin ba, sau da yawa tazarar makin da ke tsakanin na sahun gaba 'yar kaɗan ce, wato kusan kunnen doki ne aka yi amma aka ba ɗaya kambu.

Sai batun daga ina suka samo alƙaluman. Wasu suna ɗauko na hukumomin gwamnati, wannan da dama-dama, sai dai ka duba shekarar da aka tattara su, don rahoton da aka buga bana yana iya zama da kuɗin haya na shekara biyu ko uku baya. Wasu da shafin intanet na Numbeo suke aiki, shi kuma jama'a ne ke shiga suna rubuta farashin abubuwa da kansu, a manyan birane inda mutane da yawa suka rubuta yana kusa da gaskiya, a ƙaramin gari kuwa yana iya zama mutum kaɗan ne suka cika. Wasu kuma, kamar International Living, suna dogara sosai da wakilansu da ke zaune a ƙasashen. Waɗannan sun san wurin, ba shakka, amma ka tuna mutane ne da suka je suka ji daɗi suka zauna, wanda ya je ya sha wahala ya tattara ya koma gida bayan shekara biyu ba ya nan balle a tambaye shi. Wani abin da har yanzu ake yi kuma yana ba ni takaici shi ne kawo jerin tsarin kiwon lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya a matsayin hujja, a ce Faransa ce ta ɗaya, Kolombiya ta 22. Wannan rahoton a shekarar 2000 aka fitar da shi. Ka lissafa shekarun da kanka.

Ka kuma tambaya wa ke cin riba in ka yarda. Ba wai ina cewa ƙarya suke ba, a'a, amma kowa da inda yake samun abincinsa. Shafukan da ke kwatanta bankuna da katin bashi daga talla da kamashon tura kwastoma suke samun kuɗi, jerin da zai ja hankalin jaridu kuwa talla ce kyauta gare su, kuma jerin da bai canza ba daga bara ba wanda zai buga labarinsa. Mujallun komawa ƙasar waje suna sayar da rajistar karatu da tikitin taruka. Wasu shafukan kuma kai tsaye na dillalan gidaje ne ko na masu yi wa mutane hanyar biza. In ka karanta yabon wani gari sai ka ga maɓalli a ƙasa yana cewa danna ka yi magana da wakilinmu game da sayen gida, to ka san matsayin abin da ka karanta.

Yanzu ga inda na fi so ka daɗe, wato abubuwan da jerin ba ya iya gani ko kuma yake gani a makare.

Doka tana canzawa da sauri fiye da jeri. Fotugal ta kawo wani tsarin sassaucin haraji ga baƙi a 2009 wanda a ƙarƙashinsa fanshon da ke zuwa daga waje kusan ba a cire masa komai, a 2020 aka sa masa kashi 10, sannan a watan Oktoban 2023, shekarar da ƙasar take ta ɗaya a jerin International Living, firaministan lokacin António Costa ya sanar za a rufe tsarin ga sababbin zuwa daga 2024. A watan dai aka soke hanyar samun takardar zama ta sayen gida. Sifaniya ma ta rufe irin wannan bizar a Afrilun 2025. Malesiya kuwa, wadda ta daɗe tana cikin na gaba a Asiya, a 2021 ta ɗaga kuɗin shigar da ake buƙata a shirinta na ba baƙi takardar zama mai suna MM2H daga ringgit (kuɗin ƙasar) 10,000 a wata zuwa 40,000, ajiyar banki kuma zuwa ringgit miliyan 1, dare ɗaya mutane da yawa da suka gama shiri suka ga ba su cancanta ba, daga baya kuma aka sake yi wa sharuɗɗan kwaskwarima. Saboda haka duk abin da ka karanta game da biza da haraji, je ka tabbatar a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar ko ofishin jakadancinta, ka duba kwanan watan, kuma ka sake dubawa a ranar da za ka biya kuɗi. Panama da Kosta Rika suna neman fansho na dala 1,000 a wata, kuma fansho na har ƙarshen rayuwa suke nufi, ba kuɗin da ka tara a asusu ba. Tailan tana neman shekara 50 da baht (kuɗin ƙasar) 800,000 a banki ko 65,000 a wata. Irin waɗannan sharuɗɗan su ke yanke ko za ka iya zuwa ma tukuna, kuma fasfon da ke hannunka yana sauya komai, jerin da aka rubuta wa Ba'amurke ya riga ya ɗauka cewa mai karatu zai iya hawa jirgi ya je ya gani ba tare da neman biza ba.

Tsaro ma haka. Ekwado ta sha zama ta ɗaya a jerin International Living a shekarun baya, ana ta yabon garin Cuenca, amma a Janairun 2024 shugaba Daniel Noboa ya ayyana cewa ƙasar na cikin yaƙin cikin gida da gungun masu safarar ƙwaya. Ba duk ƙasar abin ya shafa daidai ba, garuruwan bakin teku irin su Guayaquil sun fi shan wuya, to amma wannan ma darasi ne na daban: maki ɗaya da aka ba ƙasa sukutum ba ya gaya maka komai game da unguwar da za ka kwana.

Sai ƙasarka ta asali da abin da za ta yi da fanshonka in ka fita. Birtaniya tana ƙara wa 'yan fanshonta kuɗi duk shekara in suna zaune a Tarayyar Turai ko Amurka ko Filifin, amma wanda ya koma Ostareliya ko Kanada ko Afirka ta Kudu fanshonsa na gwamnati yana daskarewa a adadin da ya fara karɓa a can, shekara ashirin farashi na hawa kuɗinsa na nan inda yake. Amurka kuma tana bin 'yan ƙasarta haraji duk inda suke a duniya, sannan inshorar lafiyarta ta tsofaffi, Medicare, a mafi yawan lokuta ba ta biyan magani a wajen ƙasar. Kowace ƙasa da nata, kai dai ka rubuta wa hukumar da ke biyanka fansho ka tambaya a rubuce: za ku ci gaba da biyana in na koma wuri kaza, za ku ci gaba da ƙari, a wane asusu, kuma wace shaidar ina raye za ku riƙa nema? Ka duba ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasashen.

Canjin kuɗi kuwa shi ne ke cinye mutane a hankali ba su ankara ba. In fanshonka da wani kuɗi ne kana kashewa da wani, to arahar da aka yi maka alkawari tana rataye ne da kasuwar canji. Bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a Yunin 2016 fam ya faɗi da sama da kashi 10, 'yan Birtaniya da ke zaman ritaya a Sifaniya da Faransa suka wayi gari kuɗinsu ya ragu, haya kuma tana nan yadda take. Gwaji mai sauƙi: ɗauki abin da kake samu a wata ka cire masa kashi 25, ka ƙara wa haya da magani kashi 25, in har lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba to wurin bai yi maka araha ba ko da shi ne na ɗaya a duniya.

Yanayi ma a yi hattara da matsakaicin lissafi. Gari yana iya cin maki mai kyau don yawan ranakun da rana ke fitowa, amma Phoenix a jihar Arizona ta yi kwana 31 a jere a 2023 kullum zafin rana yana kaiwa digiri 43 ko fiye, wannan kuwa ga mai ciwon zuciya ba ƙaramin abu ba ne. Fulorida ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, shi ya sa take cin maki, amma mahaukaciyar guguwar Ian ta 2022 ta ragargaza yankin Fort Myers, kuma inshorar gida a jihar tana cikin mafi tsada a Amurka, abin da ka tsira da shi a haraji sai ya tafi can.

To bayan duk wannan, yi naka jerin. Takarda da biro sun isa. Rubuta abubuwa biyar ko shida da in babu su ba za ka iya zama a wuri ba, kuma ka zauna da matarka ko mijinki ku yi tare, don sau da yawa ɗaya ne ke ɗoki ɗayan yana bi ne kawai. Nisa da 'ya'ya da jikoki, awa nawa ne a jirgi kuma nawa ne tikitin. Yaren da ake yi, za ka iya yi wa likita bayanin inda ke maka ciwo da ƙarfe biyun dare? Wurin ibada da mutanen da za ka zauna ka yi hira da su. Inshorar lafiya, za su karɓe ka a shekarunka da ciwon da kake da shi tun da can, kuma nawa za ta koma in ka kai 75? Waɗannan wasunsu ba maki ake ba su ba, ko akwai ko babu ne, wurin da ya faɗi a ɗaya a cire shi ko da ya cinye sauran. Kuma ka auna wa mutumin da za ka zama a shekara 80, wanda wataƙila ya daina tuƙi kuma gwiwa ta fara gardama, ba wanda kake yau ba.

Wurare biyu ko uku da suka rage sai ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Kada ka je lokacin da garin ya fi kyau, je a watan da mazauna suka fi kuka da shi, kuma kada ka sauka a otal, kama hayar ɗaki a unguwar da kuɗinka zai iya, wata biyu ko uku in da hali. Lisbon a hoto aljannar duniya ce, amma gari ne na tuddai, an shimfiɗa wa gefen titunan ƙananan duwatsu masu santsi in an yi ruwa, tsofaffin gidaje da yawa ba lifta, kuma da yawansu ba su da na'urar ɗumama ɗaki, a watan Janairu sai ka ji cikin gida ya fi waje sanyi. Babu jerin da zai hau maka bene hawa huɗu da ledar cefane. Ɗauki takardar magungunanka ka shiga kemis ka tambaya ɗaya bayan ɗaya, akwai wannan, nawa ne, sai da takardar likita? Hau mota daga ƙofar gidan zuwa asibitin da ke da sashen gaggawa na gaske ka duba agogo, sau ɗaya da safe lokacin cunkoso sau ɗaya da dare. Gwada buɗe asusun banki ka ga takardu nawa za a nema. Nemi baƙin da suka shekara biyar ko fiye a wurin, kada ka tambaye su ko suna jin daɗi don kowa zai ce eh, tambaye su wa suka sani da ya tattara ya koma kuma me ya kore shi.

In ka yanke shawarar tafiya, shekarar farko haya za ka kama, kada ka sayi gida komai matsin dillali da cewa farashi zai tashi, kuma in da yadda za a yi kada ka sayar da naka na gida tukuna, ka ba da shi haya. Ware kuɗin da zai ishe ka komawa, tikiti da jigilar kaya da zaman wata shida, ka ajiye su a wani asusu na daban, a kuɗin ƙasarka ta asali. Lauyan da zai duba maka takardun zama da na haraji kuma kai za ka nemo shi ka biya shi da kanka, ba wanda mai sayar da gidan ko shafin da ya buga jerin ya haɗa ka da shi ba.